Rasuwar Goggo Hedwig, Mai Shan Man Suya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba, ni Ewald Pawlak, na unguwar tsofaffin mahaƙan kwal da ke garin Herne, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan arziki, har da waɗanda suka shekara goma suna toshe hanci idan mun wuce, rasuwar motata, Goggo Hedwig. Ta cika ranar Alhamis ɗin makon jiya, takwas ga Janairu, da misalin ƙarfe biyar saura kwata na yamma, a filin ajiye motoci na gidan kula da tsofaffin da matata Irmgard take zaune, daidai ƙarƙashin taga ta uku daga hagu. Ta rasu tana da shekara ashirin da biyar a duniya, bayan doguwar jinya ta toshewar filta, ciwon da daga baya ya gangara ya kama famfon mai.

Na san mota ba ta da rai. Faston cocinmu ya tuna mini da haka cikin lalama, 'yata Birte kuma ta tuna mini ba cikin lalama ba. Amma duk wanda zai yi wa wannan takarda dariya, ya yi haƙuri ya karanta ta zuwa ƙarshe tukuna. Fiye da shekara guda ke nan, marigayiya ita kaɗai ce ta rage a duniya da ke iya gaya wa matata ko ni wane ne. Yanzu ta tafi, ban kuma san wanda zai ci gaba da gaya mata ba.

An haifi marigayiya a shekarar 1984. Marsandi ce mai shan dizal, kalar shayin da madara ta yi wa yawa, kamar dai kowace tasi a ƙasar nan, don da aikin tasi ta fara rayuwa. Mun ɗauko ta tana da shekara huɗu daga hannun wani direba da ya gaji da ita. Matata Irmgard, wadda nake kira Irmi, ita ce ta raɗa mata suna, ranar da muka fara tayar da ita da sanyin safiya. Ina da wata goggo, ƙanwar mahaifina, mai suna Hedwig, mace mai jiki, mai nauyin tafiya, wadda ba ta gaida kowa da safe sai ta yi tari uku, amma ba a taɓa biki ko mutuwa a dangi ba ta je ba. Motar ma haka ta yi. Kuhu. Kuhu. Kuhu. Sannan gurrr, dak-dak-dak-dak, har gilasan maƙwabta suna amsawa. Irmi ta dube ni ta ce, "Ewald, ai goggonka muka sayo." Daga ranar sunan ya bi ta.

Shekara talatin da ɗaya Irmi ta yi tana suyar dankali da sosej a ɗan shagonta na bakin kasuwa. Ni kuma ina ƙarƙashin ƙasa ina haƙar kwal. Kullum ƙarfe bakwai na yamma, in dai ba ni da aiki, nakan je in ɗauko ta. Ba na kashe mota, ba na yin hon. Nakan tsaya a gefen titi, ita kuma ta kashe wuta, ta kwance ƙyallen da take ɗaurawa a gaba, ta rufe shago ta fito.

A shekarar 1999 aka sallame mu daga ramin kwal, na wayi gari da hannu biyu da ba su da abin yi. Abokina Nevzat, wanda muka shekara goma sha bakwai muna haƙa kafaɗa da kafaɗa kafin ya buɗe garejinsa, shi ya kawo mini labarin cewa tsofaffin injinan dizal irin na Goggo suna iya shan man suyar da aka gama aiki da shi. Ni kuwa duk mako ina kallon Irmi tana cika jarkoki da baƙin mai, wani yana zuwa yana kwashewa. Duk wanda ya san ni ya san ba na iya ganin abu mai amfani yana tafiya a banza in yi barci. A cikin mako biyu muka canja wa Goggo cima. Babban tanki ya koma na man suya, muka ɗaura mata ƙarami na dizal a but ɗin baya, muka sa ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai juya ta daga wannan zuwa wancan.

Ranar da zan fita da ita, Nevzat ya riƙe ƙofa ya hana ni rufewa.

"Ewald, buɗe kunnen nan naka mai taurin tsiya ka ji. Man suya in da zafi ruwa ne, in ya huce kunu ne. Ka tashe ta da dizal. In ta yi ɗumi ka juya ta kan mai. Saura kilomita uku ka isa inda za ka, ka mayar da ita kan dizal ya wanke mata ciki. Kada ka taɓa barin ta ta huce da man suya a jijiyoyinta. Ran da ka yi haka, kada ka zo mini nan da idon tausayi."

Na ce na ji. Kuma Allah shaida ne, shekara takwas ban saɓa ba ko sau ɗaya.

Marigayiya ta kasance mai wadatar zuci. Abin da wasu suka zubar shi ta ci, ta kuma gode. Ba ta taɓa tambayar ko man na dankali ne ko na kifi ba. Abin da kawai take nema a wurina shi ne tsafta, ni kuma ban yi mata ƙwauro ba. Mai yakan yi mako uku a ganga a garejin gida, har ruwa da gishiri da ɓurɓushin dankali su kwanta a ƙasa. Sannan in ɗumama na saman, in tace shi ta ƙafar tsohon wandon jins da na ƙulle bakinta, ya kwana yana ɗiga. Babu wandon da ya tsira a gidanmu. Har na surukina sai da ya rasa ƙafa ɗaya wata rana da ya bar shi a igiyar shanya, kuma ina amfani da wannan dama in ba shi haƙuri.

Ta kasance mai son jama'a. Karnukan unguwa suna raka ta har kwana. Wani ɗan sanda ya taɓa tsayar da mu, ya zagaya ta sau biyu yana shaƙar iska, ya duba takardu bai sami laifi ba, ya ce mu tafi don mun tayar masa da yunwa. Maƙwabciyarmu, matar Schulte, takan kwashe shanyarta da gudu da zarar ta ji tarin farko. Ba ta taɓa son marigayiya ba, kuma ba na sa ran ganin ta a wurin makoki.

Ba zan ce ba ta da aibi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Tun da ta koma man suya take fama da filta. Komai tacewar da na yi, sai wani abu ya sulale ya taru. Na san alamun kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Da farko sai ta rage kuzari a hawan gada. Daga nan sai shaƙuwa, hik, hik, kamar wadda tuwo ya tsaya wa a wuya. In ban kula ba sai ta yi shiru a tsakiyar titi. Shi ya sa ban taɓa fita ba tare da sabbin filta uku da sifana da tsumma a but ba. Ranar auren Birte ma sai da ta yi halinta. Amarya tana baya da fararen kaya, ni ina bakin hanya da kwat ɗin biki, kaina cikin bonet. Birte tana kuka, Irmi tana dariya har da riƙe ciki. Mun isa coci da minti ashirin a makare, na miƙa 'yata ga mijinta da hannun da ke warin soyayyen kifi. Birte ba ta yafe wa motar ba har yau.

Irmi kuwa ta so ta. Idan na je ɗaukar ta da yamma, da yake ba na kashe injin, ba na mayar da shi kan dizal sai mun kusa gida. Kafin in gama tsayawa ta riga ta kashe wuta.

"Tun daga kwanar coci nake jin ƙaurinka, tsoho."

"Ƙaurin naki ne ai. Manki ne."

"A'a, kada ka ɓata mini suna. Dankalina ƙamshi yake yi. Kai da goggonka ne kuke ƙona shi ya koma ƙauri."

Gaskiyarta ne. Warin da ke fita daga salansar Goggo ba na kasko ba ne. Yana da ɗan ɗaci a ƙarshensa, kamar an manta da suya a kan wuta. A duk garin nan mota ɗaya ce ke yin sa.

Sai mantuwa ta fara kama Irmi. Ta fara da ƙananan abubuwa, sukari a maimakon gishiri, canjin da aka ba mutum sau biyu. A 2005 muka sayar da shagon. Bayan shekara biyu, ran da aka tsince ta a bakin kasuwa cikin rigar barci tana neman buɗe shagon da ba nata ba, ta kuma baro murhu a kunne a gida, likita da Birte suka haɗa kai suka fi ƙarfina. Aka sama mata ɗaki a wani gidan tsofaffi a bayan gari, kilomita goma sha takwas daga gidanmu. Mutanen kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansu. Amma ba ta yi wata guda a can ba ta daina gane ni. Kunnenta ya yi nauyi. Idonta yana gani, sai dai ba ya gaya mata komai. In na shiga sai ta gyara zama ta ce, "Sannu, bawan Allah, wa kake nema?" Shekara arba'in da huɗu muna kwana ɗaki ɗaya. Wata huɗu na yi ina zuwa Talata da Alhamis da Lahadi ina amsa wannan tambaya, kuma kowane zuwa da ciwonsa sabo.

Wata Alhamis a watan Oktoba na taho raina a jagule, na manta da maɓallin. Karo na farko ke nan a shekara takwas. Na tsaya a ƙarƙashin tagarta da man suya a cikin injin, tagar kuma a buɗe take. Sai da na kashe na tuna, na zagi kaina, na hau sama. Ina shiga na tarar da ita a tsaye, tana lalubar bayanta tana kwance ƙyallen da babu shi. Jolanta, nas ɗin da ke kula da ita, ta yi mini alama da ido in yi shiru. Irmi ta juyo ta dube ni sosai.

"Ka makara, Ewald. Ƙafafuna har sun kumbura."

Ban san lokacin da na zauna a bakin gado ba. Mun yi awa biyu muna hira. Ta tambayi Birte, ta tambayi ko na biya mai kawo dankali, ta yi mini faɗa a kan wuyan rigata. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Ni mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya gwada. Ran Lahadi na zo da dizal kamar yadda doka ta ce, na koma bawan Allah. Ran Talata na sayo soyayyen dankali da zafinsa na kai mata har ɗaki. Ta ɗauki ɗaya ta karya, ta shinshina, ta ce wanda ya soya wannan bai canja mai ba tun makon jiya, in mayar masa in karɓi kuɗina. A wurinta ni mai saye ne da aka cuta. Ran Alhamis na zo da man suya, na tsaya minti biyar a ƙarƙashin taga, sannan na juya kan dizal na jira ya wanke cikin injin a tsaye. A tsaye wankin yana cin kusan kwata, wato minti goma sha biyar. Da na hau sama ta riga ta koma inda take zuwa, tana kallon bango. Ashe ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. In ƙaurin ya shiga, dole in biyo shi a baya cikin minti biyu ko uku, in ba haka ba ta rufe.

A nan ne wannan sanarwa za ta zama abin da ban so ta zama ba. An saba cewa mamaci kwanansa ne ya ƙare. Goggo Hedwig ba kwananta ne ya ƙare ba, ni na kashe ta, da sanina, sau uku a mako, har wata goma sha biyar. Nakan tsaya a ƙarƙashin taga ta uku, Jolanta ta ɗan buɗe ta ko da ana sanyi, in taka totur sau biyu, in kashe injin da man suya cike da jijiyoyinsa, in haura bene da gudun da gwiwoyina suka yarda da shi. Ita kuma Goggo in bar ta awa biyu tana hucewa da kunu a ciki. Duk lokacin da hannuna ya wuce maɓallin nan ban taɓa shi ba, nakan ce mata, yi haƙuri, yau ma kaɗai. Ba ta taɓa ƙin kai ni ba.

Hunturun farko ta daure, da yake bai yi tsanani ba. Da zafi ya shigo ta ɗan murmure, har na fara yaudarar kaina cewa Nevzat ya cika tsoro. Amma filtar da a da take kai wata uku sai ta koma wata ɗaya. Ana cikin haka wanda ya sayi shagon Irmi, inda har yanzu nake karɓar mai, ya koma suya da wani irin kitse mai daskarewa kamar kakide da zarar ya sha iska. Wannan ya ƙara mata ciwo, ya kuma ba ni abin fakewa. Duk sanda na je garejin Nevzat sayen filta, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai, cin su kake yi ne da burodi? Ta huɗu ke nan a wata biyu."

"Sabon kitsen nan ne. Ba shi da kyau."

"Kana wanke ta da dizal dai ko?"

"Sai ka ce yau na fara tuƙi."

Na yi wa mutumin da ya taɓa jawo ni daga ƙarƙashin dutsen da ya rufto ƙarya ido da ido. Kunya ce ta hana ni faɗa. Ina tsoron ya ce na haukace, ya gaya wa Birte, ita kuma ta karɓe mukulli. Dama kullum maganarta ɗaya ce: "Baba, ka rabu da wannan kaskon suyar ka sayi ƙaramar mota kamar kowa. Mama ba ta ma san da me kake zuwa ba." Ban taɓa musa mata ba.

Daga watan Nuwamba jiki ya tsananta. Tarin safe ya tashi daga uku ya koma bakwai, wani lokaci goma. Hayaƙinta ya yi fari, ya yi kauri. Filta ta koma duk mako, in na cire ta in ga cikinta cunkushe da farin kitse. Na fara tafiya da filas biyu na tafasasshen ruwa, in na sauko daga wurin Irmi in kwarara a kan filta da famfo kafin ta yarda ta tashi. Ran da filas bai isa ba, Jolanta takan miƙo mini butar shayinsu ta ƙofar baya, ba ta taɓa tambaya ta komai ba. Muryar Goggo ma ta canja. Dak-dak-dak ɗin nan mai daɗi ya sami wani ƙas, ƙas a tsakiyarsa, wanda nake ji har cikin haƙorana. Na sani sarai abin da nake ji. Na ƙara murɗa rediyo.

Ranar da za ta cika, an tashi da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, ƙanƙara ta rufe komai. Mai hankali ba zai fito da mara lafiya a irin wannan rana ba. Amma Alhamis ce. Mun yi kilomita goma sha ɗaya sai shaƙuwa ta kama ta a hawan gadar kogi. Na canja filta a bakin hanya da yatsun da ba na jin su, fatar hannuna tana mannewa a jikin sifana. Ta tashi da ƙyar. Sauran kilomita bakwai ɗin da rarrafe muka yi su, manyan motoci suna ta yi mana hon. Ta kai ni har ƙarƙashin taga, ta ba da hayaƙinta, na kashe ta na hau.

Irmi tana cikin raha ranar. Ta ce hannuna kamar ƙanƙara, ta riƙe su a cikin nata tana murzawa, tana mitar cewa namiji da girmansa bai san safar hannu ba. Da lokaci ya yi ta ce abin da ta saba cewa, "To, tashi mu tafi gida." Na ba ta amsar da na saba ba ta, "Bari in ɗumama mota in dawo." Yawanci kafin in kai ƙasa ta manta.

Na juye filas biyu. Jolanta ta kawo buta, na juye. Na murɗa mukulli. Kuhu. Na jira, na sake. Kuhu. Na dafa sitiyari na roƙe ta da sunanta. Na uku bai zo ba. Abin da ya zo wata 'yar ƙara ce, ƙas, sau ɗaya, kamar an karya busasshen icce a cikin bargo. Daga nan ba ta sake cewa komai ba.

Nevzat ya zo da kansa. Ya buɗe bonet, ya kwance bututu ɗaya, ya ga abin da ke ciki, ya lakato shi da yatsa ya nuna mini. Ya tsaya yana jiran bayanina. A nan tsaye cikin ƙanƙara na gaya masa komai, da tagar, da ƙyallen, da wata goma sha biyar ɗin. Na zaci zai zage ni, na ma fi son ya zage ni. Sai ya rufe bonet a hankali da hannu biyu, ya cire hularsa.

"Kai dai jaki ne, Ewald. Tun a rami jaki ne kai. Da ka buɗe baki tun bara, ai da na riƙa biyo ka. Kai ka hau wurin matarka, ni in zauna a ciki in wanke ta da dizal ina shan shayina. Kwata ɗaya ce fa. Kwata ɗaya, sau uku a mako. Kana ganin ba ni da ita?"

Wannan maganar ce take hana ni cin abinci har yau. Abin bai taɓa zo mini a rai ba. Mu mutanen rami an koya mana ɗaukar dutse, ba a koya mana cewa a taya mu ba.

Ya ja ta zuwa garejinsa ya bincike ta kwana biyu. Famfo ya tsage. Man suya ya daɗe yana sulalewa cikin baƙin man injin, ya dafe ko'ina kamar ƙaro. Ƙasanta kuma tsatsa ta cinye, masu duba lafiyar mota ba za su bar ta ta wuce watan Maris ba ko da an yi mata sabon ciki. Ya ce in bar ta ta huta.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai kula da ita kuma sanadinta. Ta bar ganguna huɗu na tataccen mai a garejin gida, marayu, ba mai sha. Ta bar wanduna goma sha ɗaya masu ƙafa ɗaiɗai, da sabbin filta biyu da ba ta kai ga amfani da su ba, da wani baƙin tabo a ƙofar gida wanda matar Schulte ta riga ta fara tambayar yaushe za a wanke. Ta bar Nevzat, likitanta, wanda aka ɓoye wa ciwo. Ta kuma bar Irmgard Pawlak, wadda ba a gaya wa ba, ba kuma za ta gane ba ko an gaya mata.

Tun bayan rasuwar na je sau biyu a bas, da canji ɗaya a tasha. Ran Lahadi kafin in fita na ƙona man Goggo a kasko har kicin ya turnuƙe, na rataya kwat ɗina a cikin hayaƙin. Mutanen bas suka yi ta matsawa daga kusa da ni, na ji daɗi, na ce ya kama. Da na shiga ɗakin Irmi ta ɗaga hanci, ta shaƙa. Sai ta girgiza kai.

"Bawan Allah, ai mun tashi. Na kashe wuta. Mijina nake jira ya zo ya ɗauke ni."

Na ce ba komai, ko zan iya zama in ɗan huta. Ta nuna mini kujera. Muka zauna muna kallon taga tare, awa ɗaya cur. Can ta juyo.

"Kai ma jiran wani kake?"

Na ce e.

"Nawa ba ya makara haka," in ji ta. "Ko motar ce ta sake yi masa halinta."

Ran Talata ban ƙona komai ba. Haka muka sake zama.

Za a yi jana'izar Goggo Hedwig ranar Asabar mai zuwa. Gawa za ta tashi daga garejin Nevzat da ƙarfe biyu na rana a bayan janwe, zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan tashar jirgin kaya. Za a bi da ita ta bakin kasuwa, a ɗan dakata a gaban tsohon shagon Irmi. Ba a buƙatar furanni. Mai son zuwa ya sa kaya masu kauri, waɗanda ba ya jin tsoron su yi wari.

Daga kasuwa ayari zai zarce gidan tsofaffi, mun nemi izini an ba mu. Nevzat ya samo aron wani tsohon famfo ya ɗaura mata. Ya ce in an dafa man da zafi sosai, aka sa sabuwar filta, aka haɗa da batir biyu, wataƙila ta tashi ta yi minti biyu ko uku kafin injin ya mutu gaba ɗaya. Ya ce wataƙila, ya kuma maimaita, don haka ban ɗaura wa kowa alkawari ba. Birte ce za ta riƙo tukunyar man. Na gaya mata komai shekaranjiya, washegari da safe ta bugo waya tana tambayar zafin da ake so man ya kai. Jolanta za ta buɗe taga ta uku da ƙarfe uku daidai.

Ina kuma roƙo, in akwai wanda ke da tsohuwar mota mai shan dizal irin ta da, wadda ba ya ƙyashin ta ɗanɗana man suya, ya ƙwanƙwasa ƙofata a kowane lokaci. Ganguna huɗun nan nasa ne kyauta. Abin da nake nema minti biyar ne a ƙarƙashin wata taga, ran Talata da Alhamis da Lahadi. Ban sani ba ko ƙaurin wata zai yi daidai da nata. Wannan karon dai na buɗe baki na tambaya.

Masu zuwa jana'iza su yi mini afuwa, ba za su gan ni kusa da gawa ba a wannan tsayawa ta ƙarshe. Nevzat ne zai murɗa mukulli. Ni ina sama, a bakin ƙofar ɗakin Irmi, da hulata a hannu. In Goggo ta yi tarinta uku ta tashi, ina roƙon kada kowa ya tafa, kada a yi hon, a bar hayaƙin ya hau. In kuwa ba ta tashi ba, ku wuce da ita, kada ku jira ni. Zan shiga in zauna kusa da Irmi, mu ci gaba da jiran mijinta.